Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

 Kun san da kaka ta yi, aka kai masara da shinkafa rumbu, sai bukukuwa su kama tun daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa. To, duk wadda ta ke zuwa biki a 'yan shekarun nan ta ga wani sabon yayi. Yarinyar da kuka sani tun tana goye, idonta baƙi wuluk irin na uwarta, sai ga ta ran kamu da ido ruwan toka kamar na mage, ko ruwan zuma, har gwaggonta ta tsaya tana kallonta tana salati. A kan wannan abu na ke so mu yi magana yau, domin na lura ana ɗaukarsa kamar jan baki ko gazal, alhali kuwa kayan asibiti ne.

Masu kwalliya suna ce da shi kwantak lens, ko lens kawai. Mu dai mu ce tabarau na cikin ido. Wani ɗan faifai ne na roba, garai-garai, mai kama da ɓawon kifi, faɗinsa ya ɗan ɗara rabin inci. A kan ɗora shi a kan baƙin ido sosai, ya zauna bisa hawaye, ya manne. Ba don ado aka ƙago shi ba, don gyaran gani ne. Wani likita Bajamushe, Adolf Fick, shi ya fara gwada shi a birnin Zurik cikin 1888. Nasa na gilashin gaske ne, ya fara sa wa zomaye tukuna kana ya sa wa kansa, ba a kuwa iya jure shi sai 'yan sa'o'i kaɗan. Mai taushin nan da a ke sayarwa yanzu, wani masani ne na ƙasar Cekoslobakiya, Otto Wichterle, ya yi na farko cikin 1961, a kan teburin gidansa, da wani inji da ya harhaɗa da kayan wasan yara da dainamon keken ɗansa. Aka fara sayar da shi a Amurka cikin 1971, wanda a ke sawa a yar kuma ya fito cikin 1987.

Iri-iri ne. Akwai mai tauri, ƙarami, wanda ya kan yi shekara ko fiye in an kula da shi, sai dai ido ya kan daɗe bai saba da shi ba. Akwai mai taushi, shi ne ya fi yawa, shi ma kashi-kashi: na yini ɗaya, wanda a ke sawa da safe a yar da dare, da na mako biyu, da na wata guda. Kwanakin nan kuwa daga ranar da aka fasa ledarsa a ke ƙirga su, ba yawan ranakun da aka sa shi ba. Na wata guda da aka buɗe da ƙaramar salla, ko sau ɗaya tak aka sa, ba ya kai babbar salla. Sa'an nan ga na launi, watau na biki, wanda yawanci ba ya ƙara gani ba ya ragewa, fenti ne kurum aka yi masa.

Kada ku ce na tsani abin. Akwai waɗanda ya zame musu rahama. Wadda idonta ɗaya ya fi ɗaya rauni ƙwarai, har tabarau ya kan sa ta jiri, wannan shi ne maganinta. Akwai kuma wani ciwo da ke sa gaban ido ya yi tsini, ya kan sami yara masu yawan murza ido saboda ƙaiƙayi, irin yaran nan da za ku ga farin idonsu ya koma ruwan ƙasa. Irinsu in ciwon ya yi nisa tabarau ba ya yi musu kome, sai mai taurin nan. Har jariri da aka cire wa yanar ido likita ya kan sa masa. Amma ku lura, duk waɗannan likita ne ya auna, ya zaɓa, ya koya musu sawa da cirewa, ya kuma ce su riƙa dawowa yana dubawa.

IDO MA YANA SHAN ISKA

Ga abin da ya kamata kowace mace ta gane, in ta gane shi sauran magana duk mai sauƙi ce. A kan baƙin ido akwai wani tantani mai haske kamar ruwa, ta cikinsa mu ke gani, kamar tagar ɗaki. Allah da ikonsa bai sa masa jijiyar jini ko ɗaya ba, don da akwai jini a ciki da bai yi garau ba. To, da me ya ke rayuwa? Da iskar da ke shiga cikin hawaye ta same shi. Duk abin da aka ɗora a kansa ya rage masa iskan nan, mai kauri da fenti irin na kasuwa kuwa ya fi ragewa. In kuma aka rufe ido aka yi barci da shi, an haɗa masa marfi biyu ke nan. Tantanin ya kumbura, ya yi laushi, ya sami 'yan tsage-tsage da ba a gani, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mai kwana da shi ta fi wadda ke cirewa haɗarin kamuwa da ciwon ido sau 6 zuwa 8.

Kuma ido ba girmansa ɗaya ba. Yadda ba ki sayen takalmi sai kin gwada, haka nan tudun idon kowa dabam ne. Wanda ya matse ya hana hawaye gudana a ƙarƙashinsa, wanda ya yi sako-sako ya yi ta yawo yana gurzar ido. Wanda a ke sayarwa a kantin kayan shafe-shafe, ko ta waya, ko a cikin jakar dillaliya, ba wanda ya auna miki shi. Saboda irin ɓarnar da na launi ya yi, Amurka ta yi doka cikin 2005 ta sa shi cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar mai auna ido, ko da kuwa ba ya gyara gani. A nan Nijeriya ma tun 1989 akwai hukumar da ke yi wa masu auna ido da masu yanka tabarau rajista. Mai kwalliya, kome gwanintarta, ba ta cikinsu.

DAREN KAI AMARYA

Yanzu ku zo mu bi amarya mu gani. Mai kwalliya ta zo da hantsi, wataƙila daga Kano aka ɗauko ta da kuɗi masu yawa. Ta shafa wa ƙawaye biyar hoda, ta manna musu gashin ido da gam, ta karɓi kuɗi ta ƙirga, ta taɓa waya, sa'an nan da wannan hannun ta buɗe idon amarya ta ɗora mata. Wata ma ba sabo ba ne, daga ɗan kwanonta ta ciro shi, wanda ta sa wa amaryar makon jiya, ta kuma ce in an gama a mayar mata da abinta. Wannan kam ya fi aron magogin haƙori muni. Afolo, ciwon idon nan da ya ɓulla a Gana cikin 1969 ya game ƙasashenmu, ta hannu da tsumma ya ke bi, balle abin da ya yini cikin idon wata.

To, an yi hoto, an yi kyau, ba mai musu. La'asar ta yi, mai kwalliya ta kama hanya. Amarya ta yini cikin ƙura da turaren wuta, magariba ta yi aka shiga yi mata faɗa, ta yi kuka har ta gode Allah, tana murza ido da gefen mayafi. Aka kai ta ɗakinta da tsakar dare. Yanzu wa zai cire mata? Ba ta taɓa sawa ba, ba a koya mata ba, ga dogayen farata na kanti an manna mata, ga ƙunshi, ga kunyar dangin miji ba ta iya cewa kome. Sai ta kwanta da shi, ta ce da safe a san yadda za a yi. Da safe ido ya yi ja, a ce ai kukan jiya ne. Jibi ya kumbura yana ruwa, ba ta iya kallon haske, a ce kambun baka ne, ko an yi mata baki saboda kyan da ta yi. Ranar da za a yarda a nufi asibiti, fari ya riga ya fito a kan baƙin.

Ba tsoratarwa na ke yi ba. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Sudomonas, tana son wuri mai danshi irin kwanon ajiyar nan, tana iya cin tantanin ido ta huda shi cikin kwana ɗaya ko biyu. In an yi sa'a an kashe ta, gyambon ya warke ya bar tabo, shi ne hakiya. Hakiyar da ta zauna a tsakiyar ido kuwa ba ɗigo ko tabarau da ke kawar da ita, sai a yi dashen tantanin wani, wannan kuwa aiki ne mai tsada da wuyar samu a ƙasar nan. Yarinya 'yar shekara 18 ta shiga gidan miji da ido ɗaya saboda hoton yini guda, wannan kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ni a ganina, iyaye mata da ƙawaye su ne masu wannan aiki, don amarya ran bikinta ba ta da baki. In har ta nace tana so, a kai ta wurin mai auna ido tun da sauran makonni, a auna ta, a sayi sabo a rufe cikin ledarsa, ta koyi sawa da cirewa da hannunta har ta iya. Na yini ɗaya ya fi, don ba ya bukatar wanki. Babbar ƙawa kuma ta ɗauki alkawari ba za ta bar ɗakin ba sai ta ga an cire an yar. In ba za a iya wannan ba, a ƙyale yarinya da idon da Allah ya ba ta. Wanda zai aure ta ai da shi ya gan ta ya ce yana so.

RUWA

Nan ne maganar ta fi shafarmu mu mutanen karkara. Ruwa kowane iri abokin gāban wannan tabarau ne: na rijiya, na burtsatse, na famfo, na randa, na leda, har wanda aka tafasa. Wata za ta ce, ashe ruwan da na ke sha, na ke alwala da shi, shi ne ba shi da tsabta? Ruwanki mai tsarki ne, ba a ce ba. Amma tsarki dabam, abin da likita ke nufi da tsabta dabam. Cikin ruwa da ƙasa akwai wata 'yar halitta da ido ba ya gani, sunanta Akantamiba. A sha ta, ciki ba ya ko kula. A wanke fuska da ita, ƙiftawa da hawaye su kore ta. Amma in ta sami robar nan sai ta manne, ta zauna tsakaninta da ido inda hawaye ba ya iya share ta, ta shiga ci. Ciwonta yana da zafi ƙwarai, maganinsa kuwa ɗigo ne kowace sa'a, dare da rana a farkon jinya, a yi watanni ana fama. Ban da wannan, mai taushi in ya sha ruwa ya kan kumbura ya sāke siffa ya kama ido.

Saboda haka ba a wanka da shi. Ku 'yan matan Tiga da na ƙauyukan bakin kogin Kano, masu zuwa wanki da iyo, ku cire kafin ku fita. Wajen alwala kuwa, in kin zo wanke fuska ki runtse ido sosai, kada ki buɗe sai ruwan ya tsane daga gashin ido. Yawu kuma, wanda na ji waɗansu na lasa su mayar in ya faɗo, ya fi ruwa sharri, gama baki matattarar ƙwayoyin cuta ne.

Abin da a ke wanke shi da shi wani ruwan magani ne na musamman, cikin kwalba a rufe. Ki wanke hannu da sabulu, ki goge ya bushe ƙayau da tsumma mai tsabta marar gashi. Ki cire na dama tukuna kullum don kada su rikice, ki sa a tafin hannu, ki ɗiga maganin, ki murza a hankali da ɗan yatsa, ki ɗauraye da shi, kana ki sa cikin kwanonsa da sabon magani. Na jiya zubarwa a ke yi. Na san halinmu na tattali, ba mu son zubar da abin da aka saya da kuɗi, sai a ƙara sabo a kan tsoho kamar miyar kwana. To, wannan ba miya ba ce, na jiya ƙarfinsa ya ƙare. Da safe in kin sa, ki ɗauraye kwanon da maganin, ki kife shi ya bushe, bayan wata uku kuma ki sāke sabo. Ki duba ranar lalacewa a jikin kwalba, kada ki ajiye ta a rana. In kin lissafa kuɗin maganin nan na shekara, za ki ga tabarau na sosai ya fi araha nesa ba kusa ba.

Sai aikin gida. Wadda ta yanka attaruhu ko ta daka barkono ta san ko ta wanke hannu sau uku yajin yana nan a yatsa, to ta sa tun kafin ta shiga madafa, ko ta haƙura ran nan. Hayaƙin itace yana busar da ido. Ranar sussuka ko shiƙa ko casar shinkafa kada ma a fara, don ƙaiƙayi in ya shiga ƙarƙashinsa ya yi ta kartar ido, rauni na kayan gona kuwa ya kan zo da wata cuta irin ta fumfuna mai wuyar magani. Haka nan kwanakin hunturu da buji ya ke tashi. Kwalli kuma, wanda mu ke ja a cikin fatar ido, gari ne na dutse, ya kan bi hawaye ya shige ƙarƙashi. Ƙa'ida ita ce a sa tabarau tukuna kana a yi kwalliya, a cire shi tukuna kana a wanke fuska, kada kuwa a ja kome a cikin fatar ido, sai daga waje.

Akwai maganganu biyu da ke yawo waɗanda ba gaskiya ba ne. Ana cewa in an matsa kusa da murhu zai narke a ido. Zafin da zai narkar da shi sai ya ƙone fuska tukuna. Ana kuma cewa ya kan zarce bayan ido ya shige ƙwaƙwalwa. Ba hanya, akwai fata da ta rufe wurin ruf. Abin da ya kan yi shi ne ya naɗe ya ɓuya a ƙarƙashin fatar ido ta sama. A Ingila, wata mujallar likitoci ta ba da labari cikin 2017 na wata tsohuwa 'yar shekara 67 da ta zo a cire mata yanar ido, likitoci suka tarar da guda 27 sun taru a idonta ɗaya. Duk wanda ya ɓace sai ta ɗauka ya faɗi, ta sa wani. In naki ya ɓace, kada ki sa tsinke ko farce, ki je a duba.

Ku kuma 'yan makaranta, musamman na kwana, ina da magana da ku. Na san akwai wadda ba ta ganin allo sai ta matsa gaba ko ta kwafa daga littafin ƙawa, tana kuwa gudun tabarau don kada a ce mata mai ido huɗu, ko don an gaya mata yana ƙara kashe ido. Ba ya kashewa. Ki faɗa wa iyayenki a kai ki a auna ki. A ɗakin kwanan da a ke layin ruwa da bokiti, sabulu ma sai an ɓoye, tabarau mai sanda shi ne daidai da ke: ki cire ki goge da gefen hijabi ki mayar, ba abin da zai same ki. Na cikin ido ya jira sai kin sami wurin da za ki iya yi masa hidimarsa. Ranar walimar gama makaranta kuma kada ki karɓi aron na kowa, ko 'yar ɗakinku ce.

To, in an riga an sa, ido ya yi ja, ko yana zafi, ko yana ruwa, ko gani ya dushe, ko ba ki iya kallon haske, ki cire nan take, kada ki mayar. In ba ki ji sauƙi cikin 'yan sa'o'i ba, ko kuwa kika ga ɗan farin ɗigo a kan baƙin, ranar za ki tafi, ba gobe ba. Kada a ɗiga nonon mai jego, ko ruwan sukari, ko na albasa, ko wani tsimi. Kada kuma a aiki yaro kemis ya sayo maganin jan ido, don waɗansu ɗigon suna kwantar da ja su bar cutar tana ci a ɓoye, har ma su ƙara mata ƙarfi. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke, ki ce a tura ki wurin likitan ido. A Kano akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, wanda ke aiki tun 1943, da asibitin ido na Makka, da sashen ido na asibitin Murtala da na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna kuma akwai cibiyar ido ta ƙasa.

Ku tuna da nisanmu. Wadda ke Riruwai ko Doguwa sai ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta fito Kwanar Ɗangora, kana ta kama hanyar Kano, ga neman izinin maigida da kuɗin mota kafin a tashi. Cutar da ke huda ido cikin kwana biyu ba ta jiran ranar kasuwa. In za ki tafi, ki riƙe tabaran da kika cire, da kwanonsa, da kwalbar maganin, kada ki wanke su, don likita ya kan gane irin ƙwayar cutar daga jikinsu. Ki kuma gaya masa gaskiya ko kin kwana da shi, ko ruwa ya taɓa shi, ko na aro ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.